Sunan da ke Takardar Gamanata

Shin ya sani? Tambayar da nake kwana da ita nake tashi da ita ke nan tun da maigidana ya rasu. Ranar da aka tambaye shi sunana a gaban mutane ya faɗi abin da ya faɗa, ya san abin da zai biyo baya, ko kunya ce kawai ta riƙe masa harshe? Shekara arba'in da ƴan kai muka yi tare. Ina gane tarinsa cikin tarin maza goma. In ransa ya ɓaci, tun daga yadda ya tuɓe takalmi a ƙofar ɗaki nake sani. Amma wannan abu guda ban san shi ba, wanda zai gaya mini kuwa yana cikin ƙasa. Allah ya yi masa rahama, ya sa ya huta.

Ban yi lekol ba, ban iya rubutun boko ba. Ƴata ƙarama ce take rubutawa, ni ina faɗa. Na ce mata in na tsaya ina kuka ta jira ni, kada ta cike mini da nata.

Ni ƴar Korahane ce. Aure ya kawo ni wani ƙauye kusa da Dakoro, inda in mutum ya tashi da amalanken jaki da safe zai iske kasuwa ba ta gama cika ba. Da aka kawo ni sai aka tarar sunana ɗaya da na surukata, uwar maigidana. A wajenmu ɗa ba ya kama sunan uwarsa da bakinsa, ko da wata ce take ɗauke da shi. Kwana biyu maigidana yana kirana da gyaran murya. Tsohuwar da kanta ta gaji, ta ce, "Kai, kada ka shaƙe mana a banza. Ku ce mata Ta Korahane." Shi ke nan ya bi ni. Gari duka suka ɗauka. Sunana na yanka ya koma sai in na je ganin gida nake jinsa, da iyayena suka ƙare kuwa na daina jinsa gaba ɗaya.

Maigidana yana da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙarami na tarar da shi, ni na riƙa cire masa ƙaya a ƙafa. Tsakanin mace da ƙanen mijinta wasa ne, mu kuwa namu ya yi yawa. Ko da ya yi furfura, in ya shigo gida sai ya ɗaga murya.

"Matata, ina furata?"

"Wane miji? Wanda ko akuyar sadaki bai kawo ba?"

"Na kawo, ta mutu a hanya don ta ji labarin halinki."

Da ya isa aure ni na nemo masa mata, ɗiyar wani ɗan'uwana, ita ma daga Korahane. Allah ya ba su maza shida. Ni na haifi maza biyu, ba wanda ya kai yaye. Mata biyu suka rayu.

Kowane gida a nan yana da gandu, babbar gonar da hatsinta ke shiga rumbun maigida. Bayan shi akwai gamana, ɗan yankin da miji ke yanka wa matarsa ta noma abin kanta. Tawa tana gabas da gari, kusa da burtali. Lokacin da aka ba ni jigawa ce fara fat, ba wanda ya yi marmarinta. Gamana aro ce, kowace mace ta san haka ba sai an gaya mata ba. In aure ya mutu, ko miji ya mutu, ƙasa ta koma inda ta fito. Shi ya sa ba a yarda mace ta dasa itace a ciki, don wanda ya dasa itace kamar ya ce nan nawa ne.

Ni ban dasa ba. Amma in na zo sassabe na iske kututturen gawo ko kalgo ya yi toho, sai in bar masa reshe biyu masu ƙarfi in sare sauran. Wata rana maigidana ya biyo ta wajen, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Ta Korahane, wa ya ce ki dasa itace a gonar mutane?"

"Ni na dasa? Ka tambayi wanda ya dasa, yana sama."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya wuce. Bai sake magana a kai ba.

In an gama girbi Fulani suka sauko daga arewa, nakan kai wa matansu gero su sa mazansu su sauke shanu a gamanata kwana bakwai ko takwas. Shara da toka da kashin awaki duk a ka nake kai su. A hankali farin rairayi ya yi duhu, gawo suka yi tsawo, har masu wucewa kasuwa suka fara tambaya gonar wa ce wannan. Da rani, in maigida ya rufe rumbunsa sai damina, daga gamanata muke ci. Daga cikinta na yi wa ƴaƴana kayan ɗaki. Shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana bunni, gandu bai ba da komi ba, abin da aka samu ƙarƙashin gawona shi ya riƙe gidaje biyu, namu da na ƙanensa.

Akwai wata maƙwabciyata da muka yi shekaru muna daka a turmi ɗaya. Mijinta ya rasu. Tana fita takaba aka raba gonaki, gamanarta ta faɗa cikin rabon wani ɗan wan mijin. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya kore ta. Ta zauna damina guda tana kallon wani yana noman wurinta, sannan ta ɗaure kayanta ta koma Adjekoria wajen ƙanenta. Na raka ta bakin hanya. Da mota ta tsaya ta kama hannuna ta ce, "Ke ma ba ki da ɗa namiji." Abin da ta ce ke nan. Na dawo gida.

A shekarun nan ne aka ce doka ta tilasta a sa mata cikin waɗanda ake zaɓe. Mu ma muka samu mace konseye, wato kansila, a meri, ofishin magajin gari, wata mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a kasuwar Dakoro, mai baki kamar aska. Maza suka ce an sa ta ne don a cika gurbi. Ta ce to, tunda da ita aka cika, za su ji nauyinta. Ita ta tara mu mata a bakin rijiya ta ce yanzu kowane gari yana da kwamitin gonaki, da maigari da liman da wakilin makiyaya da sakatare mai rubutu. In miji ya ba matarsa gona a gaban shaidu, aka rubuta, aka buga tampo, wato hatimi, to ko ya mutu ba mai zuba ta cikin gado.

Wata ta ce, "Konseye, mu da ba mu iya karatu ba, yaya za mu san abin da aka rubuta?"

Ta ce, "Kunne gare ku ai. Kalma biyu ce, ku riƙe ta kamar yadda kuke riƙe gulma. Aro, kyauta. In kika ji aro, kin yi wankan banza kin fito. Kada ki dangwala yatsa sai kin ji kyauta da kunnenki."

Rani guda na yi ina juya maganar kafin in kai wa maigidana. Ranar da na faɗa, ya ajiye ludayi ya dube ni.

"Mutuwata kike jira?"

Na tashi na shiga ɗaki na yi kuka. Kwana uku ba mu yi wata hira ba. Ashe ya je wajen liman. Liman ya ce masa mutum yana da ikon ya yi kyauta da abinsa muddin yana da lafiya da hankalinsa, kuma gonakin ubansu an riga an raba tsakaninsa da ƙanensa tun rasuwar tsohon, gamanata tana cikin nasa rabon. Ran na huɗu ya shigo ya ce, kamar da bango yake magana, "Ki wanke zanenki, ran Laraba za mu ƙofar maigari."

Ana gobe za mu je, ƙanensa ya zo da la'asar. Bai shigo ya nemi fura ba. Suka zauna a dakalin ƙofar gida har aka kira magariba. Ban ji abin da suka ce ba. Abin da na sani, tunda ba mu da ɗa namiji, in maigidana ya mutu ƙanen yana da rabo a cikin gonakinsa, kuma duk cikinsu ba wadda ta kai gamanata kyau.

Ran Laraba da hantsi aka taru a inuwar ƙofar maigari. Mu mata muna daga baya, maza a kan tabarmi. Mu biyar ne za a yi wa takarda ranar. Konseye ta tafi da masu awo wata gona can yamma, don haka ba ta nan lokacin da aka zo kanmu. Sakataren baƙo ne, an turo shi daga nesa, Hausar bakinsa ta koyo ce. Ya ɗora takarda a gwiwa, ya cire murfin bik ɗin rubutunsa da haƙori.

"Aro ko kyauta?"

Maigidana ya ce, da ƙarfi, har na bayan bayan suka ji, "Kyauta."

Wata ta rangaɗa guɗa a kunnena. Ni dai ƙasa nake kallo, hawaye suna ɗiga a kan zanena. Na ji kalmar da aka ce in jira, sauran kuma kamar daga cikin rijiya nake jin su.

"Sunan matar?"

Maigidana ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. Sakatare ya sake tambaya. Can ya ce, "Ta Korahane."

"Takorahane," in ji sakatare, ya rubuta shi a haɗe, ya zaci suna ne irin na nan. "Sunan ubanta?"

Sai maza suka fashe da dariya. Maigari ya ce, "Kai baƙo, a nan ba a tambayar mutum sunan surukinsa. So kake ƙasa ta tsage ya shige?" Sakatare ya ji kunya, ya ce to a kawo katina na ɗan ƙasa. Ban zo da shi ba, ba wanda ya ce in zo da shi. Ya ce ba komi, zai cike daga baya, ga mutane suna jira. Maigidana ya dangwala yatsa. Na dangwala. Aka ce shaida daga cikin dangi, ƙanensa ya matso ya dangwala. Aka buga tampo.

Duk wanda ke wurin ya san wannan ba sunana ba ne, kuma ba wanda ya ga abin gyarawa. Ni ma ban gani ba. In faɗi gaskiya, daɗi na ji da aka rubuta sunan da yake kirana da shi.

Na naɗe takardar a leda na sa ƙarƙashin kwalla. Bayan wata biyu wannan ƴar tawa ta zo daga Maradi ganin gida, na fito da ita ina taƙama. Ta karanta, ta sake karantawa.

"Inna, wannan ai ba sunanki ba ne."

"Da shi ake kirana."

"Ba shi ne a katinki ba. Ga wurin sunan kaka ma an bar shi fili."

Ta kai wa ubanta. Ina jin su daga madafa.

"Baba, sai an gyara wannan."

"Za a gyara."

"Ba sai ka faɗa da bakinka ba. Ka ɗauki katinta ka miƙa musu kawai."

"Na ji."

Damina uku ya yi a duniya bayan wannan. Duk ranar kasuwa yana zuwa Dakoro, hanyarsa ta ƙofar meri take bi. Sau biyu na sa masa katin da takardar a aljihu, sau biyu ya dawo da su yadda suke. Na farko ya ce ya iske an rufe. Na biyu ya ce rana ta yi, jakin ya gaji. Ban ƙara ba, don kada ya sake tambayata ko mutuwarsa nake jira.

A nan tambayata take. Wata rana in ce mutum ne da ba ya son ofis, yana ganin gari duka sun ji ya ce kyauta, me ya rage? Wata rana kuma in tuna zaman nan na dakali, in ce ko ya ba ni da hannun dama ne ya bar wa ƙanensa ƙofa da hagu, don ba ya iya kallon ɗayanmu ya ce a'a. In haka ne ma ba na jin haushinsa. Tsakanin mutum biyu da yake so aka sa shi. Amma da na so in sani.

Da bazara ciwo ya kama shi a ƙirji. Kwana biyar yana gida, ran na shida aka ɗora shi a amalanke zuwa likita. Babu wurin zama, ga gwiwoyina, aka ce in biyo su da safe. Da safe ina ɗaura ɗankwali na ga amalanken yana dawowa a hankali, mutane suna biye da shi a ƙasa. Ban riƙe hannunsa ba. Ban ba shi ruwa ba. Wasu ne suka rufe masa ido. Wannan har in mutu ba zai bar ni ba.

Ina cikin takaba ruwan shuka ya sauka. Ƙanensa ya aiko matarsa ta ce kada in damu, shi da ƴaƴansa za su shuka mini gamana. Na yi godiya, na sa masa albarka. Suka shuke ta da gero tun daga burtali har iyaka. Da kaka ya aiko mini da ƴan dammuna, aka ce in ji shi ga wannan in sa a baki. Sauran ya shiga rumbunsa. Na dubi dammunan nan, na gane zangarniyar ƙarƙashin gawona, na san an fara yi mini kyauta da abina.

Da aka zauna rabon gado na fito da takardata. Liman ya ce a cire gamana tukuna, tunda kyauta ce. Sai ƙanen maigidana ya gyara zama.

"A karanta sunan da ke ciki."

Aka karanta.

"To. Ta Korahane a gidan nan guda nawa ne? Ga wannan, ga matata. Ban ce ta matata ce ba. Cewa na yi takardar ba ta kama kowa ba. Abin da bai kama kowa ba kuwa gado ne."

Na ce, "Kai da ka dangwala yatsa?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Yaya, ki yi mini adalci. Maza shida gare ni, biyu suna Libiya don ba su da inda za su sa hauya. Ke mata gare ki, suna gidajen mutane. In kin kwanta dama gonar ubanmu ta tafi ga baƙi. Ba zan bar ki da yunwa ba, kin sani."

Tun yana yawo ba wando bai taɓa ce mini Yaya ba. Wannan kalma ta fi maganar gonar yi mini zafi.

Kuma ba ƙarya ya yi ba. Na san ƴaƴan nan, a bayana wasu suka yi barci. Na kusa cewa a bar masa. Amma in na rufe ido sai in ga maƙwabciyata a bakin hanya da ƙunshin kayanta. Ba na son in ƙare rayuwata ina jiran a aiko mini da abin sawa a baki, ko da daga hannun mai ƙaunata ne. Aka ɗage rabon gamana, aka raba sauran.

Ƴata ta kai maganar wajen konseye. Ta zo har ɗakina, ta zauna a bakin gado ta buɗe takardar. Ta daɗe tana kallo.

"Yaya, laifina ne. Na ce ku saurari kalma biyu, ashe uku ce, har da suna."

Ta kama babban yatsana ta juya shi, ta dubi wanda ke takarda. Baƙin tabo ne kawai. Hauya da taɓarya sun cinye zanen yatsan tun da daɗewa. Ta ce wannan ba zai yi mana shaida ba. Maigari kuwa ya ce shi ya tsufa, abin da takarda ta ce shi ne; dalili kuwa, ɗiyarsa tana auren ɗaya daga cikin ƴaƴan ƙanen maigidana. Wancan sakatare an ɗauke shi, an kawo wani. Sabon ya ce ana iya gyara suna, amma sai shaidan da ya dangwala daga cikin dangi ya yarda cewa ni ake nufi. Shaidan kuwa shi ne mai jayayya da ni.

Aka sa mana rana a meri don sulhu. Ban taɓa zama a kujerar ofis ba sai ranar, ƙafafuna ba su kai ƙasa ba. Ga sakatare, ga liman, ga maigari, ga konseye. Ƙanen maigidana yana gefe da sabuwar riga, matarsa tana can baya kusa da ƙofa, ta rufe rabin fuska. Ya maimaita abin da ya faɗa a gida, tsaf, ba gargada. Ya ce wansa bai faɗi sunan kowa ba, kowa ya ji.

Konseye ta bar shi ya gama. Sannan ta ce, a hankali, ba yadda take magana a kasuwa ba, "Malam, mun yarda an yi kuskure. Wanka bai faɗi suna ba. To kai ne shaida, ka taimake mu. Da ya yi daidai, da wane suna zai faɗa? Faɗa mana sunan matar wanka."

"Ai kowa ya sani."

"Sakatare baƙo ne, bai sani ba."

"Yana cikin katinta, a duba."

"Za a duba. Amma kai ka ce laifin wanka shi ne bai faɗa da baki ba. Kai faɗa."

Ya buɗe baki. Na ga leɓensa ya motsa ya tsaya. Ya cire hula ya mayar. Gumi ya keto masa ta gefen kunne. Uwa ɗaya ta haife su, sunan da ya fi ƙarfin bakin wansa ya fi ƙarfin nasa.

Can ya ce, "Sunan tsohuwarmu ne."

"Allah ya ji ƙanta," in ji konseye. Kowa ya ce amin. "To ga matar wanka zaune. In za ka nuna wa baƙo ita, ka ce wace ce?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ta Korahane."

Sai matarsa ta yi magana daga bakin ƙofa, ita da ba a taɓa jin muryarta cikin maza ba. "Ni dai shekara talatin ban taɓa jin ka kira ni haka ba."

Liman ya rufe baki da hannun riga. Maigari ya kasa, ya yi dariya har da tari. Ni ban yi ba. Muryarsu ɗaya da wansa, ban taɓa lura ba sai ranar. Tun da aka ɗora maigidana a amalanke ban ji sunan nan da wannan murya ba. Na kife fuskata a cinya na yi kuka a gaban hukuma, kukan da ban yi ba ko ranar jana'iza. Da na ɗago na ga shi ma yana share ido da bakin hularsa.

Ya ce, "A rubuta. Ita ce."

Sakatare ya karɓi katina ya karanta sunana da na ubana da ƙarfi, don shaidu su ji. Sai da ƴata ta taɓa ni na gane ni ake kira. Aka rubuta sabuwar takarda aka liƙa da tsohuwar. Ƙanen maigidana ya dangwala yatsa, ya fita bai jira a buga tampo ba.

Yanzu in za a yi wa mace takarda a garinmu, da katinta take zuwa a ƙulle a bakin zane, kuma konseye ba ta barin wurin sai an karanta sunan ta ji. An ce akwai wasu takardun da aka iske an rubuta Amarya, wata kuma Uwar Biyu. Ana ta gyarawa tun mazan suna da rai.

Gamana ta dawo hannuna. Abin da bai dawo ba shi ne wasa. Kullum da safe ƙanen maigidana yana tsayawa a ƙofa ya ce, "Yaya, an tashi lafiya?" In ce lafiya lau. Ya ce madalla, ya wuce. In ba ni da lafiya shi ne na farkon zuwa, ya sayo magani, ya tsaya daga waje. Ina dama fura in ajiye a ƙwarya inda zai gani, bai taɓa tambaya ba. Na aika masa cewa in ɗansa ya dawo daga Libiya ya zo ya noma yammacin gonar, ta yi mini yawa. Har yau bai ce e ba, bai ce a'a ba. Wani lokaci nakan zauna in ce na ci gona na rasa ƙane, in yi kuka, sannan in tashi in ɗauki kwashe in tafi gonar.

Bana da ruwa ya sauka ni na yi shukata. Ina tafe ina hutawa, mata biyu na gari suka taya ni. Yamma na sa gero. Gabas kuwa, wajen manyan gawo, inda kowa ya san gero ya fi yi, ban sa ko ƙwara ɗaya ba. Matan suka ce ko tsufa ya fara taɓa ni. Na ce su dai su zuba abin da na ba su.

Ban gaya musu dalili ba, amma ke rubuta. Ranar da za a kai shi likita, an shimfiɗa masa tabarma a amalanke, an tokare kansa da buhu. Na kawo masa butarsa na sa a gefensa. Numfashinsa yana fita da ƙyar. Mai jaki ya riga ya ɗaga sanda, sai maigidana ya ɗaga yatsa a tsaya. Na sunkuya, na zaci wani abu zai ce game da ciwon, ko game da ƴaƴa. Ya ce:

"Bana kada ki sa gero a gabashin gonarki, ƙasar ta gaji. Ki sa wake. Koma ciki, rana ta yi zafi."